Yadda Muka Wanke Mai Maganin Birnin Tudu

Ban taɓa mantawa da ranar da na tarar da manoman tumatir sun yi wa rumfar Mamman mai maganin feshi zobe a Birnin Tudu ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, wato mai bin gonaki yana ba da shawara, ya kuma kai rahoto ofishin shiyya a Talata Mafara.

Sanyi ya shiga, raɓa ta yi yawa, cutar ƙonewar ganye ta faɗa wa tumatir. Ganyen ya yi baƙi, ƙarƙashinsa da farar funfuna, 'ya'yan suna ruɓewa a jikin uwa. An yi feshi sau uku, a banza.

Bayan mun gaisa, shugaban manoman, Alhaji Sahabi, ya ce, "Malam, wanga magani jabu na. Yau sai Mamman ya bar garin ga."

Na ce, "Baba, shekara nawa kuna fesa shi?"

"Tun ba ka fara aiki ba."

Nan na fara zargin ba maganin ne ya canza ba, cutar ce. Na roƙi manoman su ba ni kwana goma in yi gwaji. Da na je ofis, shugabana ya ce in jira sakamakon ɗakin bincike. Na ce, "Ranka ya daɗe, tumatir ba zai jira ba." Ya sa hannu a takardar izinin gwajin.

Na raba gonar Alhaji uku. Kashi na farko muka fesa maganin Mamman, na biyu irinsa da na ɗauko a rufe daga ofis, na uku wani mai sinadari daban, bayan mun tsinke ganyen da ya kamu mun binne.

Ranar da wa'adi ya cika, biyun farko sun ƙone. Na ukun yana tsaye. Na bayyana musu cewa kowane feshi yana kashe ƙwayoyin cutar masu rauni, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har su gaje gonar. Dole a riƙa sauya magani, a daina rage awo.

Alhaji Sahabi ya taka har rumfa ya kama hannun Mamman. "Ka yahe muna."

Daga ranar na gane manomi ba ya ƙin gaskiya. So yake a nuna masa ita a cikin gonarsa, ya gani da idonsa.