Tukunyar Gas ɗin Hajiya

"Ɗago ki dube ni," in ji Alhaji mai gidan da muke haya, yana zagaya ta, hannuwansa a baya. Maman 'yan biyu na durƙushe kusa da rariya, kanta a ƙasa, tana murza bakin zanenta. Mu kuma an fito da mu tsakar gida ɗaki ɗaki, har ni mai ciwon gwiwa. Tukunyar gas ɗin Hajiya, matar Alhaji, ce ta ɓace daga bakin kicin da safe, lokacin da duk muka tafi suna Hayin Banki.

Tafiyar nan da hannuwa a baya ba tasa ba ce, a talabijin ya ɗauko ta. Akwai wani wasa na 'yan sandan ciki da ake nunawa bayan la'asar, a falon Hajiya muke taruwa mu kalla saboda su ke da sola. Ni ina son wasan, ba zan yi ƙarya ba. Mutumin da ke fitowa a babban jami'in ya iya. Ba ya ihu, ba ya mari, tambaya kawai yake yi a hankali kamar mai cinikin akuya, har mutum ya rikice. Masu kukan ma sun iya. Akwai wata da ta fito a uwar wanda aka kashe, da aka gaya mata ba ta yi kururuwa ba, sai ta zauna ta ci gaba da tsince shinkafa. Haka ake yi, na ga irinsa. A wasan na san yatsa yana barin shaida a jikin kofi. Sunayen da ke gudu a ƙarshe kuwa da su nake gwada karatuna, tunda sai da na yi furfura na shiga makarantar manya.

Amma ƙaryarsu da yawa. 'Yan sandansu suna isowa kafin gawa ta huce, kuma ba wanda ke tambayar kuɗin mai. Ɓarawo kullum ɗan gida ne, ba a taɓa samun na waje ya shigo ya ɗauka ya tafi abinsa ba. Sannan kama shi ba wuya. Jami'in ya ce kalle ni, mai laifi ya sunkuyar da kai, kiɗa ya tashi, sai ya fashe da kuka ya faɗi komai kafin a kira magariba. Mu nan Unguwar Shanu an sace injin markaɗen maƙwabciyarmu, har ta mutu ba a ga ko bel ɗinsa ba.

Alhaji kuwa masinja ne a ma'aikata har ya yi ritaya. Ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis, ba a taɓa barinsa ya yi wa kowa tambaya ba. Ranar nan ya samu.

"Ke kaɗai ce ba ki je suna ba, haka ne?"

"Haka ne, Baba. Hassana ce ba lafiya."

"Ban tambaye ki Hassana ba. Ɗago kanki."

Ba ta ɗago ba. Yarinyar daga wani ƙauye take bayan Zariya, mijinta direban tirela, ranar yana kan hanyar Legas. Tunda ta tare a gidan ba ta taɓa gaishe da Alhaji a tsaye ba. Ko sunan mijinta ba ta faɗa. Mace irin wannan ka ce ta kalli sa'an ubanta cikin ido, ai gara ka ce ta cire zani.

Alhaji ya juyo gare mu yana murmushi. "Kun gani ko? Ba ta iya haɗa ido."

"Wallahi sak irin na cikin wasan ranar nan, wanda ya kashe maigidansa," in ji matar tela.

Na ce, "Alhaji, kai ma 'yarka ba ta kallonka a ido. Ita ma ka kama ta? Ƙofar zaure a buɗe take wuni, 'yan jari bola na wucewa da kura. Ka tambaye su?"

"Iya, wannan ilimi ne," in ji shi. "Ba a koyar da shi a ajin tsofaffi."

Aka kwashe da dariya. Matar tela har da tafi. Na ƙyale shi, ni ma ɗakin haya nake ciki.

Ya koma kan Maman 'yan biyu. Ya ciro biro daga aljihu yana ƙwanƙwasa haƙorinsa da shi, yadda jami'in yake yi. Hajiya ta ce ita dai tun farko ba ta yarda da mai shiru-shiru ba. Wata ta ce ta taɓa ganin ta tana shafa tukunyar. Yaran gidan suka fara waƙa, ɓarauniyar gas, ɓarauniyar gas, iyayensu na ji ba wanda ya ce kul. Hassana na jikin uwarta da zazzaɓi, Usaina ta ɓuya a bayanta.

"In ba ke kika ɗauka ba, ki dube ni. In kin dube ni magana ta ƙare. In ba haka ba, gobe ki bar min ɗakina."

Sannan ta ɗago. A hankali, kamar ta ɗauko tulu cike. Ta dube shi, ido cikin ido, hawaye na zuba ba ta goge ba, ta ce, "Baba, ban ɗauka ba."

Alhaji ya ja baya. Ya kalle ta, ya kalle mu.

"La'ilaha illallahu. Kun ga idon? Ko ƙiftawa babu. Wannan ai ta ƙware. Irin na gidan mai ɗin nan na cikin wasan, wanda ya tsare jami'in da ido."

"Shi fa!" in ji matar tela. "Wanda ya binne bindiga a bayan gida."

Da yamma Maman 'yan biyu ta kira mijinta a waya. Ina ji ta katanga. Ya ce ta ba su haƙuri, yana tuƙi, ya kashe.

Washegari ta samo mai kura, za ta wurin yayanta a Rigasa. Hajiya ta ɗauko kujera ta zauna a bakin zaure, ta ce ba ƙullin da zai fita sai an kwance. Aka kwance katifa, aka zazzage buhun kwanuka, aka buɗe jakar kayan yara, har ɗan kamfai aka ɗaga sama. Tukunyar gas dai ba allura ba ce, amma Hajiya har robar daddawa sai da ta leƙa. Babu komai.

"Ta riga ta sayar," in ji Alhaji daga cikin zaure.

Hajiya ta miƙa hannu cikin kura ta ciro murhun gawayin yarinyar, ta ajiye a gefen kujerarta. Ta ce da wannan za ta riƙa girki kafin a dawo mata da nata. Maman 'yan biyu ta durƙusa ta ce, "Baba, na tafi," ta saɓi Hassana a kafaɗa, mai kura ya tura.