Sarawar da Ba a Amsa Ba

Kwana tara ke nan mutumin nan yana zuwa ƙofar wata masaƙa a Bompai, inda nake sayar da goro. Dogo ne, kakinsa ya koɗe amma a goge yake. Hannun rigar na dama a naɗe yake, an kama shi da fil, don babu komai a ciki. Ina jin a yaƙin basasa ya baro shi. Takardar sallamarsa daga soja tana aljihu. Aikin gadi yake nema.

Motar manaja na shigowa, sai ya ƙame ya sara da hagu. Manajan tsohon hafsa ne, ya san soja ba ya sauke hannu sai an amsa masa. Ya dube shi, ya ɗaga gilas.

Hannun yana nan sama. Ma'aikata suna wucewa, har wani yana dariya.

Na miƙe, na ɗaga nawa yadda na iya. "Mun gode, soja. Allah Ya saka."

Ya sauke a hankali. "Na gode, Baba. Amma ba ku na goya mil uku a daji ba. Manajan ne."