Jirgin Tumaki da Wutar Azahar

Mun tashi da asuba daga unguwar Al Muntazah a Doha, bayan mun idar da salla a masallacin da ke bayan gidan da ɗan ƙanwata yake haya. Shi injiniya ne a babbar tashar jiragen ruwa da ke kudu da Doha, ni kuwa baƙo ne daga Zariya, na zo masa ziyara gab da Babbar Salla. Tun saukata nake damunsa ya kai ni in ga wurin aikinsa, sai a makon nan aka ba shi izinin shiga da ni.

Direbanmu Bakatsine ne mazaunin unguwar Fereej Abdel Aziz, mutum mai barkwanci. Ya tsaya a wani ɗan shago ya sayo mana karak, shayin nan mai kauri da madara, riyal ɗaya kofi, da gurasar Indiyawa mai maiƙo an naɗe ƙwai a ciki. Da ya ga ina motsa leɓe ina juya kuɗin zuwa naira, sai ya ce, "Malam, in ka fara wannan lissafin, azumi za ka yi har ka koma gida."

Hanya shimfiɗe take, ba rami ko ɗaya. Benayen West Bay suka yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har sai yashi da fitilu. Allunan hanya ina karanta su ba gargada, albarkacin allo da ajami, amma Larabcin da ake yi a titi ya fi ƙarfina, ban wuce yalla da khalas ba.

Tashar kuwa gari ce guda. Kwantenoni jere kan jere kamar unguwanni, injinan ɗaga kaya sun fi hasumiya tsawo, kuma ba hayaƙi, don da lantarki suke aiki. Aka hau da ni wani ofishi mai tagogin gilashi, ana hango teku. A nan ɗan ƙanwar tawa ya yi mini bayani. Abu biyu yake haɗawa: lokacin shiga da fitar kowane jirgi, da wutar da tashar za ta sha. Da tsakar rana duk gidajen Doha sun kunna na'urar sanyi, saboda haka akwai iyakar da tashar ba ta ƙetarewa. A cikin wannan iyakar injinan ɗaga kaya za su ci, motocin lantarki su ci, haka ma kwantenoni masu firji da ke riƙe da nama da magani.

Hantsi ya ɗaga ina kallon teku ina tasbihi, sai na ga fuskarsa ta canja a kan waya. Wani jirgi ne ɗauke da tumakin layya yake jira a waje, wasu fankokin da ke ba tumakin iska sun mutu, matuƙin yana roƙo a shigar da shi. Mashigar ruwan matsattsiya ce, sai wani ƙaton jirgin kwantena ya gama lodi ya fita tukuna, shi kuma an tsara masa bayan la'asar. In ana so ya gama da wuri, sai duk injinan sun hau kansa da azahar, daidai lokacin da wuta ta fi ƙaranci.

Ni na san abin nan. Mahaifinmu ya yi safarar raguna zuwa Ikko, na ga yadda suke yi in mota ta tsaya a rana.

Yaron nan bai ɗaga murya ba. Ya nemi amincewar shugabansa, sannan ya sa aka ƙara wa kwantenonin nama sanyi tun a lokacin, wuta tana da sauƙi, don in azahar ta yi a riƙa hutar da firjinsu bi da bi. Na magani bai taɓa su ba. Motocin da za su sha caji aka ce su dakata. Wani abokin aikinsa Ba'indiye ya zuba wa ma'aunin sanyin ido, ko ƙiftawa ba ya son yi.

Na matsa kusa na ce, "In naman ya saki fa?"

Ya ce, "Ni za a kira, Kawu. In tumakin suka mutu kuwa ba wanda zai kira ni, amma ai na sani."

"To ni me zan kama maka?"

"Ka riƙe carbinka, Kawu, wannan sashenka ne."

Na riƙe kuwa. Azahar ma kashi-kashi suka yi ta, wasu na sahu wasu na kan kujera. Ta taga ina ganin kwantenoni suna tashi suna sauka, babu mai karo da wani. Can Ba'indiyen ya ɗaga hannu, sanyin wani layin nama ya fara raguwa, aka mayar masa da wuta da sauri, aka rage wa injin ɗaga kaya guda.

Kafin a kira la'asar ƙaton jirgin ya yi kuka, ƙananan jiragen ja suka fitar da shi. Na tumakin ya shigo, warinsa ya riga shi isowa. Muka sauka muka tsaya daga nesa. Suka fara gangarowa suna haki, harshe a waje, ana fesa musu ruwa. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kaɗan da aka fito da su a mace. Amma sauran da ƙafarsu suka taka ƙasa, har da masu tunkuɗar juna a bakin kwamin ruwa. Direbanmu ya ce, "Malam, ka ga waɗannan ko kafil mai tsaya wa baƙo ba su da shi, amma dubi yadda aka buɗe musu hanya."

Mun koma Al Muntazah ana kiran magariba. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina cewa tausayi a zuciya yake. Wannan tafiya ta ƙara mini cewa yana buƙatar tsari: a san wa zai iya jira, wa ba zai iya ba, a kuma yi tanadi tun rana ba ta take ba. Allah Ya saka wa masu wannan aiki da alheri.

Bayan salla na shiga kicin in ɗora mana shayi. Ko da na fito, barci ya kwashe ɗan ƙanwar tawa a kan darduma, ƙafa ɗaya da safa. Na durƙusa na cire masa, na rage fitila.