Ya Fanna Mai Turare da Kyanwar da Ke da Inshora

Duk wanda ya hau keke napep a Mubi ya ce a kai shi gidan Ya Fanna mai turare, ba ya buƙatar ƙarin kwatance. Direba zai kama hanyar Shuware, daga nan kuma hancinsa ya ƙarasa aikin.

Daga Borno aka kawo ta tana amarya, shekara arba'in da wani abu da suka wuce, gidan Alhaji Abakar mai sayar da atamfa. Ta zo da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na itatuwan ƙamshi da kwalabe, kuma ba a daɗe ba dangin miji suka gane wanne ta fi ƙauna. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma idan aka miƙa mata turaren wuta ta shaƙa sau ɗaya, za ta faɗi abin da aka zuba, da abin da aka yi rowarsa, da irin tarbiyyar wadda ta haɗa shi. Amaren Mubi da na Uba, har da na ƙetaren iyaka, da haɗinta ake gyara su. A shekarar da gari ya watse kowa ya gudu, maƙwabta sun ɗauki takardun gida da 'yan kunne, ita kuwa ta isa Yola ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, rungume da tulun turarenta.

Bayan rasuwar Alhaji Abakar gidan ya yi mata faɗi. 'Ya'ya mata sun tafi gidajen aure, autanta Abdulwahhab kuma yana aiki a Abuja. Ya roƙe ta ta koma wurinsa, ta ce ba za ta zauna a gidan da aka maƙala wa rufinsa na'urar da ke ihu idan ta ji hayaki ba. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya zo hutun ƙaramar salla ɗauke da wani akwatin roba mai taga, a ciki kuma wata farar halitta ce mai gashi kamar an bubbuge auduga.

"Mama, ga wadda za ta ɗebe miki kewa. Kyanwa ce 'yar asalin Farisa."

Ya Fanna ta sunkuya ta duba. "Auta, wa ya take mata fuska?"

"Haka jinsinsu yake, Mama. Shi ne kyanta."

"To hancin fa, a Abuja kuka baro shi?"

Abdulwahhab bai kula ba, ya fito da jakar takardu. Akwai takardar nasaba da ta lissafa kakannin kyanwar har hawa huɗu, akwai katin riga-kafi, akwai kuma takardar inshora daga wani kamfani na Legas, wanda ya yi alkawarin biyan kuɗin magani duk ranar da ta kwanta rashin lafiya. Ya karanta sharuɗɗan da Turanci, da sauri, kamar mai tsoron kada mota ta tashi ta bar shi. Ya Fanna, wadda ba ta san shekarar haihuwarta ba, ba ta kuma da takarda a duniya sai katin zaɓe, ta saurara tana juya garwashi a kasko.

Maƙwabciyarta Roda, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Michika, ta leƙo ta katanga. Shekara talatin suna zaman tare, kullum cikin tsiya, ba su taɓa kwana da fushi ba.

"Ya Fanna, na ji an kawo miki baƙuwa mai inshora. Ni da na yi wa gwamnati bauta shekara talatin da biyar, ko na ƙafa ɗaya ba ni da shi."

"Ai ke ba ki da kakanni a rubuce, Maman Dawuda."

"Tana kama ɓera dai ko?"

Ba ta kamawa. Ranar da ɓera ya gitta ta gabanta, kan gado ta haye tana duban Ya Fanna, alamar a zo a yi wani abu. Ba ta cin tuwo, ba ta cin ƙashin kifi, sai wani busasshen abinci da ake aikowa a motar Yola. Makon farko Ya Fanna ba ta kiranta da komai sai "wannan abar". Amma kyanwar ta ɗauki ɗabi'ar zama a gefen darduma har a idar da salla, sannan ta hau cinya ta lafe. Kafin wata ya cika an raɗa mata suna Mairam, an kuma fara jin Ya Fanna tana ba ta labarin wadda ta zo sayen turare tana taya shi kamar tumatir.

A nan matsalar ta samo asali, domin Ya Fanna hanya ɗaya ta sani ta nuna ƙauna. Wanda ta so, turara shi take yi. 'Ya'yanta sun tashi idanunsu na hawaye, jikokinta ana gane su a makaranta tun daga bakin ƙofa. Don haka ta shiga taje gashin Mairam da turaren humra. Sau biyu a mako kuma, idan ta kifa kabbasa a kan kasko, wato kwandon nan da ake lulluɓa wa tufafi don su sha hayaki, sai ta ɗora kyanwar a sama ta riƙe ta, har sai gashin ya kama.

Ba a jima ba Mairam ta fara atishawa. Daga nan idanunta suka riƙa zubar da ruwa, numfashinta ya koma kamar ana jan zarto a ɗaki na gaba. Ya Fanna ta yi nazari ta gano dalili: mutane sun cika zuwa kallon kyanwar, kuma ba kowa ke cewa tubarkalla ba. Maganin baki kuwa sananne ne. Ta ƙara kasko na biyu.

Roda ce ta shigo wata safiya ta tarar da kyanwar kwance, baki buɗe, haƙarƙari na sama da ƙasa.

"Wannan ba baki ba ne, ƙirji ne. Ki kira ɗanki."

Abdulwahhab ya ce kada ta damu, ai don irin wannan ranar aka yi inshora. A kira likitan dabbobi ya duba ta, ya cike takardar kamfani, su kuma su biya.

Likita Gabdo ya zo kai tsaye daga kasuwar shanu, takalmansa na ba da shaidar inda ya fito. Dattijon Bafulatani ne mai ƙarancin magana, wanda ya yi shekara ashirin yana cusa hannu a bakin bijimai. Ya Fanna ta san darajar baƙo, ta kuma ji abin da ya shigo da shi. Kafin ya gama cire takalmi ta hura kasko uku, ta zuba musu haɗin da ba ta fitarwa sai ga 'yar sarauta.

Likita ya yi sallama, ya shiga, ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, bai ga wani canji ba.

"Hajiya, ina marar lafiyar?"

"Ga ta gabanka, Likita."

Ya lalubo ta, ya fita da ita gindin mangwaron tsakar gida yana tari. Ya yi mata allura, ya zauna yana duban agogo. Bayan ɗan lokaci zarton ya lafa. Sai ya yi bayani a hankali, irin yadda yake yi wa makiyayi. Wannan jinsi, in ji shi, mutane ne suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci har hanyar iska ta ƙuntata. Suna fama da ido, suna fama da ƙoda, zafin Mubi kansa abokin gabarsu ne. Wannan kuma asma ta kama ta.

Ya zaro takardar kamfani. "Suna tambaya ko akwai abin da ake ƙonawa a gidan."

"Ka rubuta musu da kyau," in ji Ya Fanna, ta gyara zaman lafaya. "Kada su ɗauka irin na bakin tasha ne. Ka sa sandal na asali, da hawi, da farce. Safe, rana da yamma."

"Hajiya, kin tabbata in rubuta?"

"Ka ƙara da cewa ita kanta ina ɗora ta a kan kabbasa, Litinin da Alhamis. Su san ba a wulaƙance take ba."

Likita Gabdo ya dube ta, ya dubi Roda, Roda ta ɗaga ido sama tana ƙirga 'ya'yan mangwaro. Mutum ne da bai taɓa rubuta abin da ba a faɗa masa ba, bai kuma taɓa barin abin da aka faɗa ba. Ya rubuta duka, har da ranakun.

Amsar kamfani ta iso cikin kwana biyar, gajeriya, cike da ladabi. Sun yi juyayi, sun yi fatan samun sauƙi, sun kuma jawo hankali ga sharaɗi na sha ɗaya, wanda ya cire duk ciwon da hayaki ya haddasa. Abdulwahhab ya kira yana huci.

"Mama, da bakinki kika gaya musu!"

"To da bakin wa zan gaya musu? Ƙarya zan yi wa haɗina?"

Rashin biyan bai dame ta ba. Maganar da likita ya yi mata a bakin ƙofa ce ta tsaya mata a wuya. Ya ce idan Mairam ta ci gaba da shaƙar wannan hayaƙi, ba za ta ga damina ba.

Ya Fanna ta kashe kasko. Karo na farko tun zuwanta garin, ɗakinta ya wuni babu garwashi. An wanke labule, an shanya katifa. Mairam ta fara ɗagowa, har ta kori ƙuda. Ita kuwa uwar ɗakinta ta riƙa zagaye gida kamar baƙuwa, tana jin warin abubuwan da ba ta taɓa sanin tana da su ba, har da magudanar bayan gida. Sana'ar ma ta tsaya, don ba a haɗa turare ba tare da an ƙona an ji ba. A kwana na uku wata uwar amarya ta zo daga Uba da kwalabe goma. Ta shiga, ta buɗe hanci, ta rage murya.

"Ya Fanna, rasuwa aka yi ban ji ba?"

"Lafiya ƙalau."

"To ko kin bar sana'ar ne?"

Ta tafi da kwalabenta, ta ce za ta dawo. Ya Fanna ta san inda za a kai su, wurin wata yarinya a Kolere mai zuba sukari fiye da itace.

Washegari Ya Fanna ta ce ƙwaya ɗaya ta garwashi ba za ta kashe kowa ba. Ta rufe Mairam a ɗakin marigayi, ta hura ɗan kasko a ɗaya ɓangaren. Ta manta cewa haɗinta ba ya sanin ƙofa, abin da ta yi shekara arba'in tana alfahari da shi ke nan. Da ta buɗe ɗakin ta tarar da kyanwar a gefe, harshe ya canza launi. Ta fito titi babu mayafi, ta tare keke, Roda ta bi ta da silifa a hannu. A wurin Likita Gabdo suka wuce layin maruƙa da tumaki, wani makiyayi yana tambaya ko jariri ne. An yi sa'a biyu kafin Mairam ta buɗe ido.

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Hajiya, tsakanin kasko da kyanwa, ɗaya zai bar gidan."

Suka kamo hanyar dawowa, har suka kusa gida. Roda ce ta fara magana.

"Ni da gas nake girki. Ɗakin Dawuda kuma babu kowa, akwai fanka."

"Kina cin abin da ba na ci."

"Ita ma ba ta cin abin da kike ci. Ina ruwanta?"

"Za ki koya mata waƙar coci."

"Da wane numfashin?"

A ranar Mairam ta tare gidan Roda da jakar takardunta. Abdulwahhab ya sanar da kamfani sabon adireshi, suka karɓa, bisa sharaɗin cewa asma dai ba ruwansu da ita har abada. Kaskon Ya Fanna ya dawo aiki, uwar amaryar Uba ma ta dawo da kwalabenta.

Saura abu ɗaya. Likita ya ce tufafinta kaɗai sun isa su tayar da ciwon. Saboda haka kullum bayan la'asar, matar da ta fi kowa ƙamshi a Mubi takan yi wanka da sabulun wanki, ta zaga ta ƙofar baya, ta tsaya a zauren Roda ta sauya kaya. Ranar farko Roda ta miƙo mata zanen zumuntar matan coci, fuska a ɗaure.

"Maman Dawuda, ki ji tsoron Allah."

"Shi ne mafi tsabta."

"Ki kawo mafi datti."

Aka daidaita a kan wani koɗaɗɗen zane da Roda ke ɗaurawa idan za ta share gida. Da shi Ya Fanna ke zama a kan tabarma, Mairam a cinyarta tana numfashi babu ƙara. Roda takan tsaya a kanta ta shinshina ɗankwali, kamar jami'ar kan iyaka.

"Akwai humra a bayan kunnen nan."

"Ta jiya ce."

"Ga buta can, ga sabulu."

Ya Fanna takan yi tsaki, ta sauke kyanwar a hankali, ta tashi ta ɗauki butar.