Ƙuli-ƙulin Kaka da Fararen Ɓerayena

Ko da zan manta komai na shekarata ta ƙarshe a jami'a, ba zan manta fararen ɓerayen nan ba. Bincikena shi ne in gano ko tsufa yana canza kitsen da ke cikin jini. Keji biyu gare ni, ɗaya na matasan ɓeraye, ɗaya na tsofaffi, kuma sharaɗin aikin guda ne tak, abincinsu ya zama iri ɗaya.

Da aka rufe makaranta sai na taho da su gida Rano, na ajiye su kusa da ɗakin kakata. Wata safiya na tarar da ɓurɓushin ƙuli-ƙuli a kejin tsofaffin. In su kaɗai suka ci, aikin wata huɗu ya tashi a banza.

"Kaka, ke kika ba su?"

"Ni ce mana. Kullum da hantsi. Wannan busasshen abincin naki ko akuya ba za ta kalla ba."

"Wayyo, kin kashe ni! Tsofaffin kawai?"

Ta harare ni. "Ke, 'yar nema. A gidan nan kin taɓa ganin an ba wani an bar wani yana kallo? Kowa ɓari guda, babba da yaro."

Malamina ya yi ta dariya a waya, ya ce tunda rabon daidai ne, in rubuta shi a cikin aikin, mu ci gaba.

Ranar da muka ɗebi jininsu a ɗakin gwaji na makaranta, na'ura ta juya shi har ruwansa ya taso sama. Na ɗaga kwalabe biyu a hasken taga. Ruwan jinin matasan garau, na tsofaffin kuwa da ɗan fari-fari, kamar an ɗiga masa nono. Awo ya tabbatar: kitsen ya ƙaru a jinin tsofaffin, sinadaran da ke dakonsa a jini su ma sun ƙaru. Abinci ɗaya, ruwa ɗaya, kwanaki ne kawai suka bambanta su. Na daɗe a tsaye, bakina sai tasbihi.

Da na ba Kaka labari sai ta ce, "Ashe. Da ina budurwa in sha fura da man shanu in taka har garin Kibiya. Yanzu cokali guda sai ya kwantar da ni."

Tun ranar na gane jiki ba ya tsayawa inda aka san shi. Abin da ya ɗauka jiya ba lallai ya ɗauka yau ba, sai a bi shi da tausayi, a rage masa kaya.