Kwalbar Hajiya ta je Kalgo

Gwandu

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata na fito, da kwalba a aljihu. Maiɗakina Hajiya Luba ta yi shekara biyu da kumburin gaɓɓai. Likita ya ba ta maganin rage ƙarfin garkuwar jiki, ta ƙi sha, ta koma ga wannan kwalba ta mai tallar magani da lasifika, wadda aka ce tana ƙara garkuwa. Ni ma na goyi bayanta. Na zauna Yamai, na zauna Khartum, ban taɓa jin an warkar da mutum da rage masa kariya ba.

Hanya

Motar haya na shiga, mai ɗauke da buhunan gero, bayan Dalijan muka tarar da shinge. Wani jami'i ya sa a sauke buhunan duka. Sai babbansu ya leƙo, ya dubi direba.

"Bar su, na gida ne."

"Kullum nan nike bi," in ji direba da muka wuce, "amma in wanga dattijo bai nan, sai mun yini."

Ƙarfe bakwai da kwata na sha koko da ƙosai a Birnin Kebbi. Ƙosan bai kai na Dosso ba.

Kalgo

Ƙarfe tara na sami Dakta Asabe, 'yar aminina, mai koyar da ilmin garkuwar jiki a jami'a. Ta shinshina kwalbar, ta ajiye.

"Baba, mayaƙan jikin Inna ba ƙarfi suka rasa ba. Gaɓɓanta suke duka, sun ɗauke su baƙi."

Ta ce a cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani ƙaramin rukuni na ƙwayoyin T da aikinsu tsawatarwa, su hana sauran taɓa na gida. An cire su daga jikin ɓeraye, sai ɓerayen suka kamu da irin waɗannan cututtuka.

Na ba ta labarin shingen. Ta yi dariya.

"Shi ne, Baba. Amma in dattijon ya cika cewa a bari, ciwon daji ma wucewa yake."

"To, a ƙara wa Hajiya dattawan mana."

"Ana gwada hayayyafa su a mayar wa majiyyaci, ba a kammala ba. Yanzu dai ƙwayar likita ce ke riƙe hannun masu dukan."

Na tambaye ta yadda suke gane na gida. Ta bayyana abin da aka sani, ta ce saura ana nema. Har azahar ina tambaya.

Gida

Na iso da la'asar. Hajiya na zaune, ta kasa ɗaura ɗankwali. Na faɗa mata komai, har da shingen.

"Ina kwalbata, Alhaji?"

"Na baro ta Kalgo."

Ta daɗe tana duban yatsunta, sannan ta ce in miƙo mata maganin asibitin da ruwa. Ni na ɓare mata ƙwayar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Asabe da ta jure tambayar tsoho.