Jan Hatimi a Takardar Ƙosai

'Yata ta ce aikinta a kwamfuta shi ne ta riƙa yin kuskure da gangan, don ta ga ko manhajar da ke ajiye tsohon rubutu da sabo za ta yi gargaɗi kafin a ɗauki wanda aka soke. Wai har albashi ake ba ta a kan haka. Na ce mata ni na yi wannan aikin tun ba a haife ta ba, da tafireta da jan hatimi, kuma har yau in na tuna sai in ji gajiya ta sauko mini a kafaɗa.

A ƙarshen shekarun saba'in ni ce mai buga tafireta a wani ofishin aikin gona a Funtuwa. Lokacin ake ta jan hankalin manoma su shuka masara da takin zamani. Duk takardar da malaman gona za su raba a ƙauyuka ta hannuna take bi. In buga ta a sitansil, wato takardar da ake fitar da kwafi da ita, in gurza a inji har hannuna ya yi tsami, washegari a zo a ce an canja layi ɗaya. In sake. A ƙasan kowace nakan sa lamba, bugu na ɗaya, na biyu, na uku, sai haruffan farko na sunana 'yan ƙanana. Ba wanda ya sa ni. Na gaji ne da musu da malaman gona masu babur a kan wacce ce sabuwa.

Takardar takin masara ce ta fi ba ni wahala. Bugu na biyu ya ce a zuba cikin akwatin ashana ɗaya a gindin kowace shuka. Daidai ne, ga takin da ake da shi a lokacin. Sai shekara ta zagayo aka kawo wani taki da ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ma fari ne, kuma manomi duk farin taki yake ce musu. Na buga na uku: rabin akwati, nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, a rufe da ƙasa, in ba haka ba masara za ta ƙone.

Tsofaffin kuwa suna nan jibge a sito. Na shiga wurin shugabanmu na ce a ƙone su.

"Malama, kin san wahalar samun takarda kuwa?" ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Bayansu fari ne, za a yi rubutu a kai. Ki sa musu alama kawai."

"Ranka ya daɗe, in suka fita fa?"

"Ina za su? Ƙafa gare su?"

Aka sassaƙo mini hatimi mai cewa AN SOKE, aka ba ni jar tawada. Kwana uku ina dukan takarda kamar mai sussuka. Da na gama ban yarda da hatimin ba, don ni ba na yarda da abin da ban gwada ba, halin da ya sa ba a cika son zama kusa da ni a ofis ba. Na jiƙa ɗaya a ruwa, jan ya ɗan baje amma yana karantuwa. Na shanya ɗaya a taga mako guda, rana ba ta cinye shi ba. Na nuna wa tsohon maigadinmu da bai san ko bihim ba a boko, ya ce, "Ja ai haɗari ne, 'yar nan, ko a hanyar jirgi." Har cusa sokakkiya na riƙa yi a cikin ɗaurin sababbi in miƙa wa malaman gona, in zauna in ga wa zai dawo da ita. Wanda bai dawo ba in tare shi a bakin ƙofa in wanke shi tas. Suka sa mini suna 'yar sanda. Ban damu ba, na ɗauka na toshe kowace kafa.

Babana yana noma a wani ƙauye kusa da Gozaki. A ajin mishan ya koyi karatu da girmansa, kuma ba abin da yake ji da shi kamar wannan karatun. Ko takardar sabulu ya tsinta sai ya karanta ta har ƙasa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. A shekarar nan, saboda yawan surutuna, ya bar dawa ya shuka masara a babbar gonarsa, wadda ita ke ciyar da gidan har wata kaka. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya, ya ce 'yarsa a ofishin take.

Na ware masa bugu na uku, na sa a jakata. Na ce Lahadi zan kai masa bayan sujada. Lahadin aka wuni ana ruwa. Ta gaba aka tsare mu da aiki. Ta gaba kuma, gaskiya, gajiya ce kawai, na kwanta na ce ai malamin gonarsu zai kai musu. Ashe babur ɗinsa ya lalace, yana can Malumfashi wurin gyara.

Ran da na je, tun daga kan hanya na hango gonar. Masarar da ta kai gwiwa ta yi ja, ganye ya nannaɗe ya bushe daga baki, layi bayan layi. Na sami Baba zaune a kan kunya, fartanya a gefe.

"Baba, nawa ka zuba?"

"Yadda kika rubuta, Uwata. Akwati ɗaya, a gindi. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Ya zaro takarda daga aljihu, a ninke. Duk ta sha mai har ana ganin yatsa ta bayanta. Ya ce ranar kasuwar Danja, bayan ya karɓo taki, ya sayi ƙosai aka ƙunshe masa a ciki. Da ya cinye ya buɗe ya karanta, kamar yadda ya saba, ya ga haruffan sunana a ƙasa, ya yi murna har ya nuna wa na kusa da shi a mota.

Na ɗaga ta a rana ina neman hatimina. Yana nan, amma zafin ƙosai da mai sun narkar da shi ya zama jan dabbare, ga yaji ya bi ta kai. Ko ni da na buga shi, ba don na san wurin ba, yaji zan ce. Baƙin rubutun kuwa ko gezau. Na gwada ruwa, na gwada rana, na gwada mutane, ban taɓa tuna man gyaɗa ba, ni da na tashi ina cin ƙosai a takarda.

Daga baya na ji yadda aka yi. Taki ya iso sito ba wurin ajiya, mai sito ya fitar da tsofaffin takardu waje, mata masu tuya a kasuwanni suka roƙa ya ba su. Da na faɗa wa shugabanmu sai ya ce a buga sanarwa a rarraba. Na buga. Me zan yi? Ragowar dai ni na kwashe su da hannuna na cinna musu wuta a bayan ofis, ban nemi izinin kowa ba.

Lokacin sake shuka ya wuce. Baba ya watsa wake a inda masarar ta ƙone ƙurmus, aka samu abin da aka samu. Shekarar nan tun kafin damina ta dawo rumbu ya ga ƙasa, innata ta koma auna tuwo da ido. Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Bugu na ukun ma ban iya fito da shi daga jaka a gabansa ba, na komo da shi Funtuwa.

Bayan rasuwarsa aka miƙo mini Littafinsa Mai Tsarki. A cikin Zabura na tarar da takardar, man ya ratsa shafi biyu. Na tambayi innata me ya sa ya ajiye abin da ya ƙone masa gona.

"Ai ba don takin ba ne," ta ce. "Cewa ya yi sunanki na jiki."